Ko doka ta hana dandaƙa da lalas da yanke ƙaho?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mai kiwo ne a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Ina da bunsurai uku ƴan wata takwas da nake so a dandaƙe, da wani bijimi da ƙahonsa ya lanƙwaso yana neman taɓa kumatunsa. Akwai dattijon da ya saba yi mana dandaƙa da itace tun zamanin mahaifina. To ɗana da ke karatu ya ce a Turai ana hukunta mutum a kan haka, kuma mu ma muna da doka. Gaskiya ne? Lalas ɗin shaida fa?

Amsa: Malam, barka kadai. Ɗanka ya faɗi gaskiya, sai dai maganar tana buƙatar warwara.

A Nijar muna da dokar kiwo mai lamba 2004-048 ta ranar 30 ga Yuni 2004. Ta haramta gallaza wa dabba, ta kuma tsara waɗanda ke da izinin aikin likitancin dabbobi. Ƙasarmu tana cikin hukumar lafiyar dabbobi ta duniya mai mazauni a Paris, wadda aka kafa a 1924, kuma ƙa'idarta a kan shanu ta ce duk aikin da zai sa dabba jin zafi a yi shi tun tana ƙarama, ko kuwa a yi da allurar kashe zafi. Maraƙi ma ta fi son a dandaƙe shi kafin ya cika wata 3. Ka ga ba dandaƙar aka hana ba. Yadda ake yin ta, da lokacin, da hannun da ke yi, nan ne gizo ke saƙa.

A Turai, Ingila ta ƙididdige abin filla-filla, tun daga dokarta ta 1954 da aka yi wa gyara a 1964. A can, zoben roba da ake ɗaure maraina da shi ba a sa wa dabbar da ta wuce kwana 7 da haihuwa. Maraƙi ko ɗan bunsuru da ya haura wata 2, ɗan rago kuma wata 3, likita kaɗai ke taɓa shi, kuma sai da allurar kashe zafi. Yanke wa saniya wutsiya laifi ne, haka ƙona mata fata da ƙarfe don shaida. Da a can kake, dattijon nan da kai da ka riƙe masa ƙafa duk kun taka doka. Waɗannan watanni ba da ka aka tsayar da su ba: gwargwadon girman dabba, gwargwadon kaurin jijiyoyinta da yawan jinin da ke bi ta wurin, sai zafin ya ninka, warkewa ta yi nisa.

Bari in tsaya a kan dandaƙar itace, don ita ce ta fi damuna. Na san dattawan da ke yin ta ba mugunta ce ta sa su ba, abin da suka gada ke nan. Amma na ga bayanta da idona. An taɓa kawo mini bunsuru a amalanke kwana biyar bayan an daka masa jijiya, jakar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ta yi baƙi, ƙuda ya riga ya yi mata tsutsa. Ƙafafunsa sun sandare, muƙamuƙi ya sarƙe, ko ruwa ba ya iya haɗiya. Sarƙe-haƙora ce ta shiga ta inda fata ta fashe, kuma bai kwana ba. Mai shi ya yi ta cewa ai sauran sun warke. Sun warke, amma bayan sun yi mako suna tsaye a kusurwa ba sa cin dusa, naman da aka yi dandaƙar dominsa ya zube.

Akwai awartakin da aka ƙera don wannan aiki, Burdizzo, kuma ma'aikatan kiwo sun san shi. Ba ya tsaga fata. Ana kama jijiyar kowane ƙwai ita kaɗai a matse kamar daƙiƙa 10, ɗaya a ɗan sama ɗaya a ɗan ƙasa, don kada matsin biyu su haɗu a tsakiya su datse jinin jakar gaba ɗaya. Cikin ƴan makonni marainan su motse da kansu. Shi ma yana da zafi, kada wani ya ruɗe ka, shi ya sa bunsuran wata takwas irin naka suke buƙatar allurar kashe zafi ta lidokayin kafin a matse, da maganin rage raɗaɗi bayan an gama. Kada ka sayi allurar a kasuwa ka yi da kanka. Akuya ba ta jure lidokayin mai yawa, ƙarin da kake gani kaɗan ne yana iya kayar da ita. Ka zaɓi lokacin sanyi, da sassafe, ka kauce wa damina saboda ƙuda.

Wata magana a gefe, ga masu turke: ɗan rago ko ɗan bunsurun da aka dandaƙe tun yana jariri hanyar fitsarinsa ba ta buɗewa sosai, in kuma aka cika shi da dusa babu isasshen ruwa, tsakuwa tana iya toshe ta. Wanda za ka sayar kafin ya balaga, bar shi da abinsa.

Ƙahon bijiminka kuwa, barin sa ya huda kumatu shi kansa gallazawa ne, don haka dole a rage. Tsinin ƙaho ba shi da jini, ana datse shi da zarto ko waya dabba ba ta ji ba. Ƙasa da nan akwai ɓargo mai jini da jijiya, kuma tun daga wajen wata 6 kogon ƙahon yake haɗewa da kogon goshi. Wanda ya sare shi daga gindi da adda ya buɗe wa ƙuda da ƙura ƙofa har cikin kai. In tsini ne kawai, aikin ƴan mintuna ne. In sai an shiga ɓargo, aikin likita ne da allura.

Lalas ya daɗe a ƙasar nan, kuma a daji tsakanin Tanut da Gure, inda garke ke cuɗanya a bakin rijiya, ba zan ce wa makiyayi ya bar dabbarsa babu shaida ba. Sai dai a yi ta ƙarama, sau ɗaya, a ƙasan cinya. Fuska kam a'a. Tun kafin dokar bature, hadisin da Muslim ya ruwaito ya hana yi wa dabba lalas a fuska da dukan ta a fuska. Lalas a haƙarƙari kuma, tambayi majeman garin nan nawa yake rage wa fata daraja. Lalas ɗin da ake zana wa dabba mai ciwon huhu ko kumburin gaɓa da sunan magani, wannan ƙuna ce aka ƙara a kan cuta. Masu shaida da tsaga kunne su ma su yi hattara: a mazhabarmu ta Malikiyya, dabbar da aka yanke wa fiye da sulusin kunne ba ta yin layya, haka wadda ƙahonta ya karye yana zubar jini. Dandaƙaƙƙe kuwa yana yi.

Ka je ofishin ma'aikatar kiwo mafi kusa da kai, ka gaya musu watannin bunsuran, ka roƙi a zo da Burdizzo da allura, a duba bijimin a tafiya ɗaya. Bayan an gama ka ɗaure su a wuri busasshe da aka share kashi, ka riƙa duba su safe da yamma har kwana goma. In ka ga kumburi yana ƙaruwa, ko wari, ko wuya ya fara sandarewa, kira su a ranar.