Me ya sa mota ke sulɓewa a kan ƙanƙara ko da mai jan ƙafa huɗu ce?

Malam, ka ce motarka mai jan ƙafa huɗu ce, wato injinta na juya tayoyi duka huɗu, amma da ka taka birki sai ta sulɓe. Jan ƙafa huɗu wajen tashi yake taimakawa, ba ya rage nisan tsayawa ko kaɗan, kuma nan ne direbobi da yawa ke yaudarar kansu. Taya ce ke riƙe titi. Sanyi na sauka ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius, robar tayar lokacin zafi takan yi tauri ta rasa kamu. Saka tayoyin hunturu duka huɗu, zurfin zanensu kada ya gaza milimita 4.

A kan ƙanƙara nisan tsayawa yakan ninka har sau 10, don haka bar tazara mai yawa. Idan motar na da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, danne birki ka riƙe. Karkarwar da za ka ji a ƙafarka aikinsa yake yi, kada ka saki. In bayan motar ya zame hagu, ɗaga ƙafa daga totur, ka juya sitiyari hagu a hankali, ba da fizga ba.

Yi hattara da gada, ita ke fara daskarewa saboda iska na ratsa ƙarƙashinta. Titin da ke ƙyalli kamar jiƙaƙƙe da asuba, sau da yawa ƙanƙara ce.