Zauren Tambaya da Amsa: Wai me ya hau kan fetur da gas ne?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin da suka shigo kusan duk a kan mai ne, har wani bawan Allah daga Rijiyar Lemo ya turo tasa sau uku, ina jin ya ɗauka ban gani ba, na gani Malam, haƙuri za ka yi na haɗa taka da ta farko don kusan abu ɗaya kuka tambaya. Masu tambayar gado da rigimar haya ku ɗan jira sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban Adaidaita Sahu ne, daga Kurna nake ɗauka zuwa Bata. Wallahi yanzu in na sha mai na cire balas ɗin mai mashin abin da ke saura ko cefane ba ya yi, fasinja kuma in ka ƙara naira hamsin sai ya ce ba ka da tausayi. Tambayata ita ce, ba a ƙasar nan ake haƙo man ba? To me ya sa muke sayensa kamar waɗanda ba su da shi? — Daga Kurna Asabe

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan uwa, Allah ya buɗa. Kwanaki na hau wani ɗan sahu, muna kaiwa saman gadar Ƙofar Nassarawa sai na ji ya kashe inji ya saki abin yana gangarawa shiru kamar baro, na ce lafiya? ya ce Malam ko cokali ɗaya na rage ai riba ce. Don haka na san abin da kake faɗa.

Abin da muke haƙowa ɗanyen mai ne, baƙi mai kauri, ba ya tuƙa ko babur sai an tace. Gwamnati tana da matatu huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya nan kusa da mu a Kaduna wadda aka buɗe a 1980, in ka haɗa su a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, amma a takarda fa na ce, shekaru da yawa kusan a kwance suke ana ta gyara ana kashe kuɗi gyaran ba ya ƙarewa. Shi ya sa muka daɗe muna yin abin da manomin da ba shi da injin casa yake yi, ya sayar da shanshera sannan ya dawo kasuwa ya sayi tsaba da tsada, mu fitar da ɗanye mu shigo da tatacce daga Turai da dala.

To me ya sa a da ba ka ji zafin ba? Saboda gwamnati ce ke cike giɓin, shi ne tallafin da ake ta magana. A 2022 kaɗai abin da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ce ya kashe a kansa ya haura naira tiriliyan 4. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu a jawabinsa na rantsuwa ya ce tallafi ya tafi, kafin kwana uku litar da a hukumance ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kowa ya tuna wannan satin, gidajen mai da yawa rufewa suka yi da man a cikin tankinsu suna jiran sabon farashi.

Amma ga wanda mutane ba su cika kamawa ba, kuma ni a ganina shi ne babban dukan. Sati biyu da 'yan kwanaki bayan nan, a tsakiyar Yuni, Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta yi ta hawa har zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Bari mu yi lissafi irin na bakin kasuwa. Ganga ɗaya lita 159 ce. Mu ƙaddara ana sayar da ita dala 80. A canjin 460 ganga ta kama naira 36,800, wato lita ɗaya wajen naira 231. A canjin 1,500 gangar nan dai, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, ta koma naira 120,000, lita wajen 755, kuma wannan ɗanye ne fa ba a tace ba, ba a biya jirgin ruwa ba, ba a biya tanka ba, mai gidan mai bai ɗora ribarsa ba. Ka ga ko a kasuwar duniya farashi bai motsa ba ko da sisi, faɗuwar naira kaɗai ta isa ta ninka maka kuɗin mai sau uku. Shi ya sa a ƙarshen 2024 muka wayi gari lita ta taɓa dubu har ta wuce. Duka biyu aka yi mana a wata guda, an cire tallafi an saki naira, ga mari ga tsinka jaka.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni dai tambayata gajeriya ce. An ce mana in matatar Ɗangote ta fara aiki mai zai yi araha, ga shi ta fara, kuma mai ita ɗan garin nan ne, amma ƙanina da ke Legas in mun yi waya kullum sai ya ce nasu bai kai namu tsada ba. Wannan wace irin rayuwa ce? — Daga wata uwa a Gwammaja

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ya iyali. Dariya kika ba ni da maganar ɗan gari, ai kin san ko a Kantin Kwari ɗan unguwarku ba ya sayar miki da atamfa ƙasa da yadda ya saro.

Matatar tana Lekki a Legas, an gina ta don tace ganga 650,000 a rana, an yi bikin buɗe ta a Mayun 2023, ta fara fitar da gas (wato dizal) da man jirgi a farkon 2024, fetur kuma sai a Satumbar 2024. Ta taimaka, ba zan hana ta haƙƙinta ba, dogayen layukan nan da muka saba kwana a ciki sun ragu sosai kuma an ga lokutan da ta sauke farashi sauran 'yan kasuwa dole suka bi. Sai dai ɗanyen man ba kyauta ake ba shi ba, saye yake da farashin duniya, har ma akwai wanda yake saro wa daga Amurka saboda na gida ba ya isarsa, wani kason na ɗanyen manmu an riga an jinginar da shi an ci bashi a kai tun kafin a haƙo, ga satar mai da fasa bututu a Neja Delta da a 2022 suka jawo abin da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni. A Oktoban 2024 an fara tsarin sayar masa da ɗanye da naira, amma ki lura, biyan ne da naira, farashin kuwa da dala ake auna shi sannan a juya.

Zancen ƙaninki kuwa gaskiya ya faɗa miki. A da man Kano ta bututu yake zuwa daga Kaduna ya sauka a defo na Hotoro, tankoki su ɗiba nan cikin gari su rarraba, manya sun san wannan. Da matatar Kaduna ta kwanta sai ya zama kowace lita sai ta hau bayan tanka daga Legas ko wani defo na bakin teku, tafiyar kusan kilomita 1,000, ta Ilori da Jebba da Mokwa ko ta Lokoja, kwana da kwanaki a hanyar da duk ramuka ce, ga shingaye ga taya da ke fashewa, sannan motar ta juya ta koma wayam ba kaya, kuɗin komawar ma a kan litarki yake. Kuma tankar nan gas take sha ba fetur ba. A da akwai wata hukuma da aka kafa tun 1975 mai suna PEF, aikinta ta biya kuɗin dakon nan don farashin Legas da na Kano da na Maiduguri ya zo ɗaya, to da aka yi sabuwar dokar man fetur a 2021 aka narkar da ita cikin wata hukumar, aka kuma sakar wa kasuwa farashi, wannan daidaitawar ta tafi. Yanzu mai nisa shi ke biyan nisansa. Ki tambayi 'yan Maiduguri ki ji, mu ma sai mu gode Allah.

TAMBAYA: Malam ni ƙaramin injin casar shinkafa gare ni a Kura. Mu gas muke amfani da shi, kuma mun fara kuka tun kafin a yi zancen cire tallafi. Me ya haɗa mu da abin? — Daga Kura

AMSA: Alhaji ka tono inda yake mini ƙaiƙayi. (Ga waɗanda ba 'yan nan ba, in Bakano ya ce gas a gidan mai dizal yake nufi, ba na girki ba.) Kai dama ba ka taɓa cin tallafin ba a 'yan shekarun nan, tun 2003 zamanin Obasanjo aka sakar wa kasuwa farashin gas, kananzir ma an sake shi a 2016, fetur ne kaɗai ya rage ɗan gata. Don haka duk abin da ya faru a duniya kai kake fara ji. A Fabrairun 2022 Rasha ta shiga Yukren, Turai kuma da yawan gas ɗinta daga Rasha take saye, da suka juya mata baya sai suka bazama suna wawason na sauran wurare, farashi ya tashi a ko'ina. Litar da ka sha a wajen naira 300 a farkon shekarar kafin ƙarshenta ta haura 800, sannan faɗuwar naira ta zo ta ɗora nata ta wuce dubu da ɗaruruwa. Da Ɗangote ya fara sayarwa a 2024 ya ɗan karya ta, a Afrilu ya sauke nasa daga 1,200 zuwa 1,000, amma ina, ba ta sake komawa kusa da inda ka san ta ba.

Ni kuma abin da ke ba ni mamaki, fetur in ya tashi gari ya ɗauka, rediyo ya ɗauka, a Janairun 2012 da Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141 mutane har kwana suka yi a shataletalen Silver Jubilee sai da aka dawo da ita 97. Gas kuwa ya ninka kusan sau uku a shekara ɗaya ba wanda ya fito titi, alhali shi ne ke cikin komai. Tirelar da ke kawo kaya Singa shi take sha, wadda ke kwasar hatsi daga Dawanau shi take sha, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa in wuta ta ɗauke shi suke ƙonawa, gidan burodi, gidan ruwan leda, asibiti, har ƙarfen sabis ɗin wayar da kake karanta wannan da ita janareta ce a gindinsa. A Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu, ka tuna yadda ƙanƙara da cajin waya suka koma. Wato mutumin da ko keke ba shi da shi yana biyan kuɗin gas a cikin kwanon shinkafar da ya auna a wajenka, bai sani ba sai ya zage ka.

TAMBAYA: Me ya sa in mai ya tashi a take gidajen mai suke canza lamba, in ya sauka kuma sai a yi sati ba su sauke ba? — Ɗalibi daga Kabuga

AMSA: Ƙanina rabin amsar lissafi ce rabi kuma hali. In ya tashi mai gidan zai ce kuɗin da zai saro tanka ta gaba yake tarawa, in ya sauka zai ce tsohon kaya ne a tankinsa da ya saya da tsada sai ya ƙare. Duk biyun akwai gaskiya a ciki, amma ka lura duk biyun shi suke fitarwa. Akwai wani gidan mai a hanyar gidanmu, ba zan faɗi suna ba, ranar da aka ce an ƙara kafin la'asar yaron ya hau tsani ya canza allo, ranar da aka ce an rage sai tsanin ya ɓata.

TAMBAYA: To Malam ba sai a dawo da tallafin kowa ya huta ba? — Daga Ɗorayi

AMSA: Baba na so a ce da sauƙi haka. Tallafin nan kwando ne ake ɗibar ruwa da shi, man da aka biya wa tallafi da sunanka tankoki da jarkoki ne ke tsallakawa da shi ta Jibiya da Maigatari da Illela da kan iyakar Kamaru da Benin don can ya fi tsada, har a 2019 sai da kwastam suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, sannan mai motoci biyar a gida ya fi mai babur ɗaya morar sa nesa ba kusa ba. Wannan duk gaskiya ne. Inda nake da ja shi ne yadda aka yi, an cire rana tsaka ba motocin haya na gwamnati a ƙasa, ba wuta tsayayya, bututun iskar gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020 bai iso ba lokacin, aka ce mutane su koma CNG, wato iskar gas da ake ɗura wa mota maimakon fetur, alhali wurin shan sa a garin nan da yatsa ake ƙirgawa. Kuɗin da aka daina kashewa kuma yanzu yana cikin kason da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata, kason ya ƙaru a naira, don haka in ɗan majalisarku ko ciyaman ya zo ɗaurin aure Ɗorayi ka tare shi ka tambaye shi nawa ya shigo bana kuma ina aka sa.

Manoman rani na Kadawa dai ba su jira kowa ba, na je can a bazara na tarar da wani dattijo ya sa bakanike ya canza wa injin ban ruwansa kafireto, ya jona tiyo da tukunyar gas ta girki ya jingine ta a gindin kunya ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta dake ta, maƙwabcinsa kuma ya sayar da tumaki biyu ya haɗa da bashi ya kafa sola. Na tambayi dattijon ba ya tsoron ta fashe? Ya ce tukunyar uwargida ce ma, shi tsoronsa kada ta gane kafin ya cire tumatir.