Motar shara ta sauya rana, ina za a kai robobi da gwangwanaye?

Hajiya, kin ce an mayar da zuwan motar kwashe shara a unguwarku sau ɗaya a mako, an kuma ce ku riƙa ware robobi daban, kina tambayar wa za ki tuntuɓa.

Ya danganta da inda kike. A cikin garin Abuja, irin su Garki da Wuse da Maitama, hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB, ce ke kula da shara, ta hannun 'yan kwangila. Idan a gefen gari kike, fara da ofishin ƙaramar hukumarku, ɗaya daga cikin 6 da ke Abuja. Kubwa, alal misali, ƙarƙashin Bwari take. Ki duba takardar kuɗin sharar da ake kawo muku, galibi sunan mai kwashewa na jiki.

Maganar warewa kuwa, ni ban ga laifinta ba. Abin da ke sa bola wari shi ne jiƙaƙƙen abu: ɓawon doya, ragowar tuwo, ruwan miya. Ki ɗaure su a leda daban, sauran shara za ta kwana bakwai ba ƙuda. Gorunan ruwa da gwangwanayen lemo ki ɗauraye, ki tattaka su, ki tara a buhu. Masu saye a kilo suke auna su, gwangwanin alminiyam ya fi roba daraja nesa ba kusa ba.

Don Allah kada a bari yara su zuba a kwata. Mu da damina ta bara leda ce ta toshe mana magudana, ruwa ya shigo har zaure. Ƙonawa ma a bari, hayaƙin roba yana tayar wa masu asma ciwo.