Kafin ka biya kuɗin alaimen na uku

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da hantsi na ga tambayarka ina tasha, na bari sai na koma gida na zauna, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2006 tana janyewa dama, tayar gaba ta ɓangaren fasinja ta cinye ta ciki har waya na shirin leƙowa, kuma sau biyu aka yi maka alaimen, wato saitin ƙafafun mota, cikin wata uku amma ba ta canza zani ba. Kana tambaya ko ka kai ta Sakkwato a ɗora ta a kwamfutar alaimen. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ka kai. Ni dai a ganina ka riƙe kuɗinka tukuna. Kwamfuta na da ranarta, amma ranar ba ta zo ba.

Shekara 11 na yi ina jan motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Yauri, da farko Golf, daga baya Sharan, kuma irin wannan ciwon ya taɓa cinye min taya huɗu kafin in gane inda gizo ke saƙa. Wata damina ce, tsakanin Koko da Yauri, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, mota cike da fasinja da buhuna a but. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Na sauka na duba, taya ba ta fashe ba, wili bai lanƙwashe ba, na ce Alhamdulillahi na ci gaba da tafiya. Bayan sati biyu sitiyari ya karkace, sai na riƙe shi a ɗan jirkice kafin mota ta miƙe. Na je aka yi alaimen. Kwana huɗu ta yi lafiya, ta koma gidan jiya. Na sake zuwa wani wurin. Na sayi sababbin taya biyu, wata biyu suka yi gefensu na ciki ya zama sumul kamar tafin hannu, na waje kuwa zane raɗau kamar ba a taɓa hawa ba.

Wani dattijon bakanike a Jega ne ya fitar da ni, Allah ya jiƙansa. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya sa yaronsa ya ɗaga ƙafar da jak, ya tsuguna, ya kama tayar hannu ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ya jijjiga ta. Sai ga ta tana ƙwas, ƙwas. Ya ce in sa hannuna a kan tairod, ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da ƙafar, ya sake jijjigawa, na ji kan yana wasa cikin tafina kamar haƙorin yaro mai shirin fita. Ya sake kama ta sama da ƙasa, nan shiru. Sannan ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashin lowa am, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar ta ƙasa, ya ɗan bankaro, ya haska min da tocila: robar bushin, wadda ke mahaɗin lowa am da jikin mota, ta tsattsage kamar faso a dunduniya, har ta rabu da ƙarfenta. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, wagga ƙafa mi za a saita mata? Ko masu ɗorin Aliero ba su ɗaure ƙashi sai sun maishe shi mazauninai."

To ka ji inda maganar take. Alaimen ba gyara ba ne, saiti ne, kuma saiti ba ya zama a kan abin da ke rawa. Mai alaimen zai daidaita ƙafar tana tsaye a gareji, awo ya fito daidai, kana hawa kwalta ka taka birki sau biyu ta koma inda ta ga dama. Ko a Jamus aka yi maka shi haka za ta kasance. Tun da sau biyu aka yi maka bai riƙe ba, ni zargina yana kan kayan ƙafa ne, musamman babban bushin na bayan lowa am ta dama. Idan ya mutu, tayar takan ɗan ja baya ta buɗe waje, sai mota ta riƙa bin wannan ɓangaren tana cin taya ta ciki, kamar dai yadda ka bayyana. Ga gwajin da za ka yi yau a ƙofar gida: ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, ka zura yatsunka tsakanin bayan tayar gaba da bodi, hagu da dama. In can yatsa huɗu sun shiga, nan uku ko biyu, to ƙafar ta matsa, ko bushin ne, ko kuma ƙarfen kansa ya lanƙwashe.

Abu uku ake aunawa a saitin ƙafa, kuma gara ka san su don kada a yi maka rufa-rufa. Na farko shi ne wanda suke cewa to-in da to-awut, wato ko gaban tayoyin biyu na kallon juna ko suna kallon waje kamar tafiyar agwagwa. Shi ne babban maciyin taya. Mutane na raina shi don milimita ake magana, amma yi lissafi da kanka: tayar ƙaramar mota tsayinta wajen santimita 60 ne, idan ta kauce da milimita 3 kacal, duk kilomita ɗaya ana jan ta a kaikaice kusan mita 5. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato wajen kilomita 150 ne, ka ga kenan fiye da rabin kilomita ka ja tayar a kwalta kamar ana goga ta a dutsen wasa wuƙa. Alamarsa a hannu ake jin ta. Ka shafa zanen tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo daga waje zuwa ciki. In ta ɗaya hanyar santsi, ta ɗayar kuma kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, to shi ne.

Na biyu kamba, ba Kamba ta Dandi ba. Wannan jinginar tayar ce idan ka tsaya gaban mota ka dube ta: ko samanta ya shige ciki ƙasan ya buɗe kamar mai gwame, ko akasin haka. Mai gwame gefen takalminsa na ciki yake cinyewa, haka ita ma. Na uku kasta, wato jinginar ƙafar gaba ko baya in ka dube ta daga gefe, shi ba ya cin taya sosai, amma shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana, kuma in na hagu da na dama suka bambanta mota za ta yi ta janyewa.

Abin da yawancin masu alaimen ba za su faɗa maka ba shi ne, a irin Corolla ɗinka abin da kamfani ya bari a juya a gaba shi ne tairod, wato na farkon nan kaɗai. Kamba sai an sa wani noti na musamman, kasta kuwa babu wurin juya shi, in ya kauce wani abu ne ya mutu ko ya lanƙwashe. Bayanta ma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, ba a saita shi da sifana. Kuma juya tairod yana miƙar da sitiyari ya rage cin taya, amma ba kasafai yake hana mota janyewa ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya biya sau uku, sitiyari ya miƙe, mota na nan tana neman gefen titi.

Kafin ma ka je wurin bakanike akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Iska ce ta farko. Masu facinmu, Allah ya shirye mu da su, da yawa 45 ko 50 suke ɗura wa kowace taya, wai don ta daɗe, wasu ma da bugun sifana suke aunawa. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar da kamfani ya liƙa, za ka ga abin da motarka ke so, ƙananan motoci galibi 30 zuwa 35 ne. A auna da safe taya na sanyi. Tayar da iskarta ta gaza ta 'yar'uwarta ita mota ke bi. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ke cinyewa, in ta yi kaɗan gefe biyun ne tare. Taka gefe ɗaya ce, don haka ba iska kaɗai ba ce, amma a fara fitar da ita daga lissafi.

Sai ka sa a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ka ɗan zaga. In janyewar ta koma hagu, tayar ce da kanta ke jan ka. Wannan ya fi faruwa da tayoyin Beljiyam da muke saye ɗaya-ɗaya, wannan kamfani daban, waccan daban, wata ma lambar girmanta ba ɗaya ba. Ita ma tayar da ta riga ta cinye gefe ɗaya ta zama kamar mazurari, ko an gyara komai za ta ci gaba da janyewa. Bayan tafiya kuma ka kai hannu kusa da wili na dama da na hagu, a hankali don yana ƙuna. In ɗaya ya fi zafi sosai, birki ne ke riƙewa. In kuwa sai ka taka birki take fizgewa, wannan ma ba ruwan alaimen.

Wurin gwaji ma da magana. Titi ba a shimfiɗe yake ba, an ɗan tudunta tsakiyarsa don ruwa ya gangare, mu kuma tun 1972 hannun dama muke tuƙi, saboda haka lafiyayyar mota ma in ka sassauta riƙo za ta ɗan sulale dama a hankali. Wadda ba ta da lafiya ita ce kafin ka ƙirga uku ta bar layinta. Nemi shimfiɗaɗɗen wuri marar motoci, kada ka gwada wannan a hanyar Argungu ranar kasuwa.

Na ga wani ɗan'uwa cikin masu ba ka amsa ya ce tasa sitiyari ke karkarwa in maleji ya kai 90 ko 100, in ya wuce ko ya rage sai ta daina. Alhaji, taka balansin ce, 'yar dalmar da ake maƙalawa a bakin wili ce ta faɗi, ko laka ta bushe a cikin wilin, ko taya ta yi ƙulu. Gurnani kuma mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canza murya in ka karkata hagu ko dama, boris ne, wanda wili ke juyawa a kansa. Tayar da ta yi tudu da kwari a zagaye, shokazoba ce ta mutu. Duk waɗannan a tasha alaimen muke ce musu, shi ya sa kuɗi ke tafiya a banza.

In an canza abin da ya mutu, sannan ne za ka je saitin, kuma dole ne a yi shi duk lokacin da aka taɓa tairod ko lowa am. Abu ɗaya ka sa ido a kai wurin bakanike: kada ya ƙarasa ɗaure notin bushin mota na rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a ƙafafunta, sannan a ɗaure tamau. In aka ɗaure tana sama, robar a murɗe za ta zauna, kafin damina ta zagayo ta sake tsagewa, ka yi ta zagin mai sayar da kaya alhali ba laifinsa ba ne. Kodayake su ma kayan akwai na banza, bushin mai arha sau biyu ake sayensa.

Batun kwamfuta ko igiya, ni na ga aikin duka biyun. Dattijon nan na Jega da zare da tef ya saita min Golf, ta shekara ba ta ci taya ba. Na kuma taɓa shiga wani wurin kwamfuta mai kyalli, yaron ya juya tairod ta ɓangare ɗaya kawai, allo ya yi kore, na fito sitiyari a karkace, da na koma wai zai cire sitiyarin ya mayar da shi tsakiya. Gyaran gangar Auzinawa kenan, ban yarda ba. Amfanin kwamfuta shi ne tana nuna maka kamba da kasta da ƙafar baya, abin da zare ba zai nuna da kyau ba, kuma ga motar da ta faɗa rami wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka je, ka sauke kaya daga but, a daidaita iska tukuna, a kafe sitiyari a tsakiya, a juya hagu da dama duka, ka tsaya ka ga an ɗaure notin tairod. Ka ɗauki hoton allon kafin aiki da bayan aiki. Duk wanda ya ɗora motarka bai jijjiga ƙafar da hannu ba, ka ce a sauke maka ita.

Ita kuwa tayar da ka ce waya na shirin fitowa, don Allah kada ta kai ka Sakkwato, kada ma ta kai ka Kalgo. Da zafin kwaltar nan tamu, tayar gaba ba abar wasa ba ce, na ga abin da fashewarta ke yi da idona. Ka sa sifeya ka lallaɓa zuwa gareji. Amma kada ka sayi sababbi sai an gama gyara da saiti, in ba haka ba irin asarata za ka yi. In ka tashi saye ka sayi biyu iri ɗaya, ka duba lamba huɗun ƙarshe da ke gefen taya bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022.

In ka samu hali ka turo hoton tayar ta ciki, da adadin yatsun da suka shiga hagu da dama. Ka kuma faɗa min ko takan yi gum a ƙafar dama in ka taka birki a hankali ko ka hau kan gargada, don wannan ƙarar ita ce bakin bushin.