Kurciyoyi sun addabi riɗina, ko in nemi bindiga?

Wani matashi daga yankin Dadin Kowa a jihar Gombe ya aiko da tambaya: "Malam, na yanke riɗina na jingine ya bushe, kurciyoyi da hasbiyoyi sun tare a wurin. Na ji ana jera tsuntsayen roba a yaudare su a harbe. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ta ina zan fara?"

Ɗana, fara da hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga sai da lasisi, ko da ta toka ce, kuma yadda tsaro yake a yanzu, duk wanda aka gani da ita a daji babu takarda ya jawo wa kansa. Shawarata ka je wurin sarkin bakan garinku, ya haɗa ka da maharbi mai izini. Shi ya riƙe bindigar, kai ka bi shi kana koyo. Mai unguwa ma ya sani.

Dabarar ba baƙuwa ba ce, dangin kan burtu ce da maharbanmu ke ɗaurawa a goshi. Kurciya in ta hango 'yan'uwanta suna kiwo a ƙasa, sai ta saki jiki ta sauka. Amma kafin ka jera komai, ka zauna nesa da sassafe da kuma bayan la'asar, ka ga ta inda suke shigowa da itacen da suke fara sauka a kai, domin hanya ɗaya suke bi kusan kullum. A ƙarƙashin wannan hanya za ka yi 'yar bukkar kara ka ɓuya, rana tana bayanka.

In babu na roba, sassaƙa na itace ko ka gina na yumɓu, ka shafa musu toka kada su yi ƙyalli. Goma sun isa. Ka jera su kamar taku ashirin da biyar daga bukkar, kawunansu na fuskantar iska, saboda tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka. Kada ka cunkushe su; bar fili a tsakiya inda masu zuwa za su dira. Motsi shi ke tona asirin sabon shiga, don haka a natsu har sai sun matso.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan tsuntsun. Ƙwayoyin harsashi suna wuce mita 200, ga dawa ta yi tsayi, tana iya ɓoye yaro mai ciyawa ko makiyayi da shanunsa. Inda ido bai ga ƙarshen wuri ba, kada a harba. Tattabarun gida kuma dukiyar maƙwabci ce, ka koyi bambance su da hasbiya mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Wadda aka tarar da rai a yanka ta nan take.

Duk da haka, harbi ba ya tsare riɗi, rage ɓarna kawai yake yi. Ka jingine dammunan a kan tamfol, ka kakkaɓe da zarar kwanson ya fara buɗewa, kada ya yi ta zuba a ƙasa yana kiran su.

Wani manomin shinkafa daga Gadau a jihar Bauchi ya tambaya ko ya barbaɗa hatsi mai guba saboda tsuntsayen jan-baki. A'a, Alhaji. Kaji da zabi za su ci, yara kuma su tsinci mushen su gasa. Jan-baki dubbai suke zuwa, sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka bi su da yamma ka gano makwancinsu, ka kai rahoto ga malamin gona na yankinku.