Wane ne Tournefort, kuma za a iya haɗa magani daga littafinsa?

Ɗan'uwa, ka tambayi ko wane ne Joseph Pitton de Tournefort, da ko littafinsa na tsirran magani zai yi maka amfani yau.

Bafaranshe ne, an haife shi a Aix-en-Provence a 1656. Ya karanci likitanci a Montpellier, a 1683 kuma ya zama malamin ilimin tsirrai a Lambun Sarki da ke Paris. A 1698 ya wallafa littafi kan tsirran kewayen Paris da amfaninsu wajen magani. Babban aikinsa dai shi ne rarraba tsirrai gida-gida bisa siffar fure: wannan kamar ƙararrawa, wancan kamar mazurari. Daga 1700 zuwa 1702 ya zaga tsibiran Girka da ƙasar Turkiyya tare da mai zane Claude Aubriet. Ya rasu a 1708 bayan keken doki ya buge shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar sunayen tsirran da ke littafinsa a matsayin na yanzu. Dogayen jimlolin Latin ne. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Sweden, shi ne ya daidaita suna mai kalma biyu a 1753. Ganye biyu kan yi kama a zane alhali ɗaya guba ne, shi ya sa nake roƙonka kada ka jiƙa komai daga hoto. Kai tsiron da furensa sashen ilimin tsirrai na jami'a a tantance, batun sha kuwa sai likita.