Filin Baba Makanike: An gyara injin 504, in tada shi yanzu ko in jira?

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Peugeot 504 fikof, ta daɗe a kafe a bayan gida. Na sa an sauke injin, an sa masa sabbin ringi da metal, an ɗaure shi an mayar cikin motar. Amma har yanzu tana wurin mai walda, birki ba ya kamawa, ɓera ya cinye wayoyi, kuɗin ƙarasawa kuma sai kaka. Abokaina sun ce in riƙa tada shi duk Juma'a na minti biyar kada ya kwanta. Wanda ya haɗa shi ya ce in bari. Wa zan bi? Ɗanka, daga unguwar Bagalam, Maradi.

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya nuna maka ranar da motar nan za ta hau titi. Bi maganar wanda ya haɗa injin. Kada ka tada shi sai motar ta sami birki da wayoyi, ta yadda za ka iya fita da ita a ranar ko washegari.

Ga dalilina. A bangon silinda akwai ƴan zane-zane masu kaushi da ake bari da gangan. Su ne ke cin sabon ringi har ya kwanta daidai. Abin da ke danna ringi a bangon kuwa ƙarfin wutar da ke kan fistan ne, kuma wannan ƙarfi sai inji yana jan mota ake samunsa. In ka bar shi a silo, wato yana aiki a hankali mota na tsaye, kaushin zai goge ya yi santsi kamar gilashi tun ringi bai zauna ba. Daga nan sai shan baƙin mai da shuɗin hayaƙi, kuɗin da ka zuba sun tafi a banza. Abin nan yana ci mani rai, domin galibi masu son motarsu ne yake faɗa wa.

Minti biyar na Juma'a kuma ba ya isa mai ya yi zafin da zai kori ruwa. Duk ƙonewar esansi tana fitar da tururi, a inji mai sanyi sai ya koma ruwa ya sauka cikin mai da salansa. Ga shi kamshaf ɗin 504, wato sandar da ke buɗe bawul, irin na da ne. A tayarwar farko yana son minti 20 a gudun zagaye 2,000 zuwa 2,500 a minti ba sauka, alhali silo ba ya kai masa isasshen mai, man shafawar da aka haɗa shi da shi kuma ya riga ya wanke.

Kafin kaka, aikinka ajiya ne. Toshe bakin kafireto da na salansa da leda ka ɗaure, har da ƙananan bututu, don zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale, ga ƙurar hunturu tana tafe. Cire fulogi, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, juya injin da sifana zagaye biyu, mayar da fulogi. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Kada ka zuba ruwa a lagireto tukuna. In mai haɗin ya ba ka garanti na ƴan watanni, je ka same shi yanzu, a gaban shaida, ku amince lissafi zai fara daga ranar tayarwa, kuma shi zai tada da hannunsa.

A ranar tayarwa, cika lagireto da ruwa tukuna, ku fara da sassafe, ku biyu, ɗaya a kan totur ɗaya yana leƙen ƙasa. A wanke tanki, don tsohon esansi ya zama danƙo, wanda za a zuba kuma a tace shi in na kwalba ne. Cire fulogi da wayar koyil, ka yi ta buga sitata kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su. A kula da jeren wayoyin fulogi, 1-3-4-2 ne, kuma Peugeot tana fara ƙirga silinda daga wajen giya. In ya tashi fitilar mai ta ƙi mutuwa, kashe nan take. Bayan minti 20 ɗin zaro sandar mai ka duba da kyau: silindar 504 a cikin ruwa take zaune, in ba ta zauna daidai ta ƙasa ba, ruwa zai shiga mai, za ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba madara.

In komai lafiya, kama hanyar Madarumfa ba kaya. A giya ta uku taka totur ta ja, saki ta dawo da kanta, ka yi ta maimaitawa. Kada ka riƙe gudu ɗaya, kada ka matsa mata. Yi juyen mai da sabuwar filta wajen kilomita 500. A kilomita 1,000 ka mayar wa mai haɗin ita ta kwana a wurinsa, da safe tana sanyi ya sake ɗaure kan injin ya daidaita bawul.